Abin da Mai Majigi Bai Ƙarasa Ba

Duk ranar Laraba Auta yakan kafa kyamara a shagonsa na tace fim, ya zauna gabanta, ya yi wa sababbin finafinai wankin babban bargo, sannan ya ɗora a intanet don masu bibiyarsa su kalla. Ba su da yawa, amma suna da naci, kuma rabinsu zaginsa suke zuwa yi. Shi kansa finafinai biyu kacal ya taɓa yi, gajeru, da kyamarar aro da abokan da suke jin nauyin ce masa a'a. Wannan bai rage masa baki ba. A wurinsa fim ɗin zamani surutu ne zalla: a tara mutane a falo, kowa ya zazzage abin da ke cikinsa dalla-dalla kamar a gaban alƙali, daga ƙarshe a rungume juna ana kuka, kiɗa ya taso. In kuwa ya koma kan tsofaffin finafinai, har lumshe ido yake yi. Akwai wani baƙi-da-fari da ya kalla ya fi sau talatin, inda wata mata take goge fitila ƙwaya ɗaya har minti uku ba ta ce uffan ba. Auta ya sha rantsuwa cewa wanda bai yi hawaye a wurin nan ba, a ƙwace masa talabijin.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Babansa ya shekara talatin da ɗaya yana haska fim a gidan silimar da ke bayan tashar mota, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Majigi, duk da silimar ta daɗe da komawa ɗakin ajiyar katifu. A kansa Auta yake yin fim ɗinsa na uku. Kullum da hantsi sai su zaunar da tsohon a kujerarsa ta katako kusa da taga, Auta yana bayan kyamara, abokinsa Dogo mai ɗaukar sauti yana gefe da abin sauraro a kunne, a yi ta yi masa tambayoyi a kan zamanin da.

Amma akwai maganar da ba a taɓawa a gidan nan, kuma kowa ya san ta. Lokacin da aka rufe silima, Baba ya kwaso gwangwanayen tsofaffin finafinai sittin da wani abu, ya jibge su a ɗakin da ke manne da na Umma. Tsohon fim idan ya fara ruɓewa wani irin warin tsami yake yi mai shaƙe maƙogwaro, ga Umma da ciwon asma. An yi roƙo, an yi lallashi, Baba ya ce gwangwanayen nan su ne shekarunsa, ba inda za su. Yaya, babbar 'yarsa, nas ce, ita take ganin yadda ƙirjin uwarta yake ƙugi. Ranar da Baba ya yi tafiyar kwana biyu ta kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka kwashe su tas, ta wanke ɗakin da kanta. Da ya dawo ya tarar da ɗaki wayam, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, muddin yana numfashi, kada ta sake taka masa gida. Wata takwas bayan haka Umma ta rasu a asibiti, a can Yaya ta yi jinyarta, daga can ta koma garin da take aiki. Yau shekara tara ke nan, uba da 'ya ba wanda ya ji muryar wani. Auta yana tsakiya, yana karɓar maganin hawan jinin da Yaya take aikowa, yana miƙa wa Baba a matsayin shi ya saya.

Ɗaukar fim ɗin kuwa ba ta tafiya yadda Auta ya tsara a ransa. Tsohon ya ƙi ba shi irin amsoshin da yake nema.

“Baba, ba mu labarin yadda mutane suke nutsuwa a gaban fim a wancan zamani,” in ji Auta.

“Nutsuwa? Wa ya gaya maka?” Baba ya gyara zama. “Ɓawon lemo suke jifan allo da shi. Wannan na mai goge fitila da kake ta yi wa kirari, ai ni na haska shi. Kwana biyu ya yi aka sauke. A rana ta biyu ma faifai guda na tsallake sukutum don kada a karya mana kujeru, kuma ba wanda ya gane.”

Dogo ya toshe baki don kada dariyarsa ta shiga makirfo.

“Amma Baba, ai ba a haɗa su da na yanzu.”

“Kai Auta, ku kun zo ne kun tarar an share gida. Masu kyau goma aka ajiye muku, kuke zaton haka duka suke. Shara ta fi yawa a da ma. Ni na kwashe ta, na sani.”

Irin waɗannan Auta yakan sa musu alama a littafinsa cewa ba za su shiga fim ba. Yana da doka ɗaya da yake taƙama da ita, har yakan faɗe ta a shirinsa na Laraba: hoto ya yi duhu a yafe, amma sauti mai datti ba ya shiga aikinsa. Zakara ya yi cara, a tsaya. Babur ya wuce, a sake. A sati uku ya tsayar da ɗauka ya fi sau ɗari, har tsohon ya fara cewa shi bai taɓa ganin mai neman labari da yake yawan hana a ba shi ba.

Ranar Alhamis ta sati na uku, Auta ya tambaye shi ƙamshin ɗakin majigi, don yana so a samu wani abu mai taɓa zuciya. Baba ya fara da man inji da ƙurar da take rawa cikin haske. Daga nan ya gangaro kan warin fim idan ya tsufa. Sai ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon hannayensa.

“Uwarku ba ta taɓa ce mini in fitar da su ba,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Tari kawai take yi. In ta ga na shigo sai ta danne.”

A shekara tara, yau ne karo na farko da tsohon ya doshi wannan ƙofa. Baba ya ɗago, bai kalli Auta ba, idon kyamarar ya kalla kai tsaye, abin da aka yi ta hana shi tun ranar farko.

“Ita kuwa yayarka,” ya ce, “ka gaya mata…”

A daidai nan kafintan da ke tsallaken titi ya tayar da injin zartonsa. Ƙarar ta cika ɗakin. Dogo ya ɗaga hannu yana juya yatsa, wato a ci gaba, a ci gaba. Amma bakin Auta ya riga hankalinsa.

“Yanke!”

Baba ya tsaya da baki a buɗe.

“Yi haƙuri Baba, riƙe maganar nan daidai inda take, inji ya shigo. Minti biyar.”

Ya fita da gudu, ya tsallaka titi, ya roƙi kafinta arziki. Kafintan ya ce katako uku suka rage. Aka yanka katako uku. Da Auta ya dawo, rana ta ɗan matsa, haske ya sauka a kafaɗar tsohon maimakon fuska, don haka ya tsaya gyara labule. Sai da ya gama ya lura Baba ya cire ɗan makirfon daga wuyan rigarsa ya ajiye a kan tebur, ya naɗe wayar a jikinsa tsaf.

“Baba, za mu ɗauko daga ‘ita kuwa yayarka’.”

“Ni ɗan wasa ne?” in ji tsohon. Ya dafa kujera ya miƙe. “Na gaji.”

Dogo ya taya Auta naɗe kaya. A bakin ƙofa ne ya ce, “Da ka bar shi. Ina jin sa sarai.”

“Da wannan ƙarar? Me zan yi da ita?”

“Ba kai aka yi wa maganar ba, Darakta.”

Abin ya soki Auta, amma ya ce ba komai, wanda ya buɗe ƙofa sau ɗaya zai sake buɗewa. Washegari Baba bai yi maganar komai ba sai ta haƙoran inji da yadda ake zuba musu mai. Auta ya shirya cewa ranar Litinin zai sake jefa masa tambayar ƙamshi, ya bi da shi ta hanyar da ya bi, har ya je ya yi yarjejeniya da kafinta cewa ba zarto kafin azahar. Ranar Lahadi da safe matar Auta ta tarar da tsohon kwance a bakin famfo, ruwa yana zuba a kan ƙafarsa.

Kwana goma sha biyu suka yi a asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, rai dai ya tsira. Aka dawo da shi gida, ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace, harshen da ya shekara saba'in da shida yana yanka kamar reza ya koma sauti ɗaya tal, wani “aa” mai tsawo da yake yi in yana son ruwa, in yana jin ciwo, in ma ba komai. Idanun ne kawai suke nan yadda suke, suna bin kowa a ɗaki.

Sau ɗaya Auta ya gwada. Ya durƙusa gaban gadon, ya ce, “Baba, ranar nan, me za ka ce a gaya wa Yaya? Yafe mata za ka yi?” Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya fuska ga bango. Ko e ce, ko a'a, ko kuwa tashi ka ba ni wuri, Auta bai iya tantancewa ba, kuma kunya ba ta bar shi ya sake tambaya ba.

Yaya tana kiran waya safe da yamma. Ita take faɗin yadda za a juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ita take gyara awon magani. Amma zuwa, ta ƙi.

“Yaya, don Allah ki zo. Jikin nan ba a san gobe ba.”

“Cewa ya yi muddin yana numfashi. Yana numfashi, Auta. In shiga masa gida don ya kasa korata? Wannan ai sata ce.”

“Ya ambace ki kafin ya faɗi.”



“Ya ambace ni da me?”

“Saƙo ya bar miki. A gaban kyamara. Na ɗauka.”

“Faɗa mini.”

“Ba na faɗa ba ne, Yaya. Sai kin gani da idonki.”

Ya ji tana jan numfashi. Ta ce za ta nemi a canza mata aiki, tana nan tafe ranar Asabar. Auta ya ajiye waya ya zauna riƙe da kai. Magana zarar bunu ce, ta fita ta fita, ga shi kuma abin da yake da shi a hannu bai wuce daƙiƙa goma sha ɗaya ba.

Ranar Alhamis da rana ya kulle kansa a shago. Ya kunna wurin ya fi sau ashirin. Fuskar tsohon ta ɗago, ido cikin ido, “Ita kuwa yayarka, ka gaya mata,” zarto ya taso, sai muryarsa shi kansa, garau, ba datti ko kaɗan, tana ba da umarni. Duk duniya ba muryar da ya tsana a ranar kamar wannan. Wannan zai nuna wa matar da ta jira shekara tara? Ya ce mata ga saƙonki, ni na toshe shi saboda kafinta?

Sa'a goma sha tara kyamararsa ta ɗauka na tsohon yana magana. Ya fara bi yana saurare, da farko ba da wata niyya ba, ko dai haka ya gaya wa kansa. Wajen la'asar ya iso kan hirar rana ta huɗu, inda Baba yake ba da labarin mai silima, wanda ya sallame shi bayan shekara talatin da ɗaya ta bakin maigadi, ko fitowa bai yi ba. A ƙarshen labarin Baba ya numfasa ya ce, “Ni dai na yafe, duniya da lahira.” Riga ɗaya ce a jikinsa a ranakun biyu, domin Auta ne ya hana shi canzawa saboda fim. Kujera ɗaya, taga ɗaya.

Aikin bai ci masa minti arba'in ba. Ya datse kafin zarto ya shigo, ya ɗauko wancan ya manna. Wurin haɗin ya rufe shi da hoton hannayen tsohon a kan gwiwa, ya aro ɗan numfashi daga wani wuri ya sa a tsakani, ya shimfiɗa sautin ɗaki a ƙasa don kunne kada ya ji tsalle. Da ya kunna, shi kansa sai da idonsa ya kawo ruwa. Bai taɓa yin haɗi mai kyan wannan ba, kuma sanin haka ya ƙara masa ƙunci.

Dogo ya shigo karɓar wayoyinsa, Auta ya ce ya sa abin sauraro ya duba masa wani abu. Dogo ya saurara sau ɗaya. Ya cire a hankali.

“Wannan ‘na yafe’ ɗin ta mai silima ce. Ni na ɗauke ta.”

“Ka ji haɗin?”

“Ban ji ba. Shi ne abin tsoron.” Dogo ya jawo kujera. “Wa ya gaya maka abin da zai faɗa ke nan?”

“To me zai faɗa? Tsoho ya tuna matarsa, ido ya cika, ya ambaci 'yarsa. Ina maganar za ta in ba nan ba? Na kalli fim ya fi dubu, Dogo. Na san inda irin wannan take sauka.”

“Wane irin fim? Irin waɗanda kake zagi ranar Laraba?”



“Ka nuna mata na gaskiyar,” in ji Dogo. “Ta ji zafinka, ta zage ka, yayarka ce, za ta huce. Amma ta san ya ɗago ya neme ta. Sauran ta cike da kanta.”

“Rabin magana zan ba ta? Ta yi tafiyar sa'a bakwai don rabin magana?”

“Rabin nasa ne dai. Wannan kuwa duka naka ne.”

Ya tattara wayoyinsa. A bakin ƙofa ya ce kada a sa sunansa a jikin wannan, ya fita bai ja ƙofar ba.

Ranar Asabar da azahar Yaya ta iso, da ƙaramar jaka ɗaya. Ta tsaya a ƙofar gida tana kallon dokin ƙofar kamar mai shirin tsallaka kwata, har sai da matar Auta ta kamo hannunta. Auta yakan je wurinta duk shekara, amma sai yau, a cikin gidan nan, ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, ya ga tafiyarta ta koma ta Umma sak.

Ta yi sallama a ƙofar ɗakin Baba, ta shiga, ta durƙusa nesa da gado.

“Baba, sannu da jiki.”

Idanun tsohon suka kafe a kanta. Leɓensa na hagu ya yi rawa, “aa” ɗin nan ya fito, doguwa, ta karye a tsakiya. Yaya ba ta san me za ta yi da ita ba, sai ta yi abin da ta iya. Ta tashi ta taɓa goshinsa, ta duba diddigensa da bayansa, ta ce matashin nan ya yi tudu da yawa, ta tambayi wa yake ba shi ruwa a kwance, so ake ya shaƙe? Ta yi ta faɗa a kan zanin gado da taga da kofin magani, har abin faɗa ya ƙare. Sannan ta juyo.

“Ina saƙon?”

“Ki huta tukuna, Yaya. In an jima sai mu je shago, allon can ya fi girma.”

“Ba allo na zo kallo ba. Kawo nan. A gabansa ya kamata in ji, tunda shi ya faɗa.”

Wannan ne Auta bai lissafa ba. Ya tsara haske, ya tsara numfashi, ya tsara har inda za ta fara kuka, amma bai taɓa kawowa a ransa mai maganar zai kasance cikin 'yan kallo ba. Ya nemi dalili, bai samu wanda zai tsaya a gaban Yaya ba. Ya ɗauko kwamfutar, ya ɗora a kan kujerar katakon nan, ya juya ta yadda za ta fuskanci yayarsa. Yaya ta sa hannu ta karkato ta don Baba ma ya gani.

Fuskar tsohon ta bayyana, cikakkiya, baki a daidai. Yaya ta dafe ƙirji tun kafin ya yi magana.

“Uwarku ba ta taɓa ce mini in fitar da su ba. Tari kawai take yi. In ta ga na shigo sai ta danne.” Ya ɗago. “Ita kuwa yayarka, ka gaya mata…” Hannaye a kan gwiwa, numfashi. “Ni dai na yafe, duniya da lahira.”

Allon ya yi baƙi.

“Sake,” in ji Yaya.

Ya sake. Bai yarda ya kalli gadon ba.

Kukan da ya tsara bai zo ba. Yaya ta zauna a ƙasa, ta harɗe hannaye a cinya, tana gyaɗa kai a hankali kamar wadda aka karanta wa sakamakon gwajin da ta riga ta zata.

“Ya yafe mini,” ta ce. Ta yi wani ɗan murmushi wanda gara kuka da shi. “Ka san me na yi ta saƙawa a mota, Auta? Na ce wataƙila cewa ya yi, 'yar nan kin yi daidai. Uwarki ta samu wata takwas tana shaƙar iska mai kyau saboda ke. Shekara tara wannan kaɗai nake jira, ko da a bakin wani ne. Da na ji ya fara da tarin Umma, wallahi na ɗauka can za shi.” Ta share gefen ido da bakin mayafi. “Ashe har yau laifi na yi.”

“Yaya…”

“A'a, bar shi. Uba ai ba ya laifi.” Ta matsa gaban gado a kan gwiwoyinta, ta sunkuyar da kai. “Baba, na ji, na karɓa. Na gode. Allah Ya ƙara girma, Ya ba ka lafiya.”

Sai a sannan Auta ya kalli mahaifinsa. Fuskar tsohon ta jiƙe, jijiyar wuyansa ta miƙe, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. “Aa,” ya ce. “Aa. Aa.” Hannun hagu ya taso daga kan zani. Ya nuna kwamfutar. Ya nuna Auta. Sannan ya miƙe yatsu biyu, ya buɗe su, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, yadda almakashi yake yi in ana yanka fim.

“Me yake nufi?” in ji Yaya. “Kai ka saba da shi.”

Daƙiƙa goma sha ɗayan nan suna cikin kwamfutar, a ƙarƙashin wanda ya kunna, dannawa ɗaya ce tsakani. In ya danna, Yaya za ta san ubanta bai ce ta yi laifi ba, bai ce komai ba tukuna, wataƙila ma abin da ta yi ta saƙawa a mota shi ne a bakinsa. Za kuma ta ji zarto, ta ji wanda ya daka tsawa, ta san ƙaninta ya hana uba magana sau ɗaya yana da baki, ya sake hana shi bayan ya rasa. Auta ya ji tsoro, tsoro irin na yaron da ya fasa tulu. Yatsun suna ta buɗewa suna rufewa a gabansa.

“Farce,” ya ce. “Farcensa yake so a yanke masa.”

Yaya ta kamo hannun ta duba. “Ai kuwa sun yi zaƙo-zaƙo. Kai dai Auta ba ka iya jinya ba.” Ta jawo jakarta, ta lalubo abin yanke farce, ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannun a cinyarta. Tsohon ya yi ƙoƙarin fizgewa, ya sake haɗa yatsun nan biyu, ta miƙar da su da ƙarfin wadda ta saba da marasa lafiya masu gardama.

“Tsaya mana, Baba, kada in ji maka ciwo. Ga ni ai, na zo.”

Ta fara daga babban yatsa, kanta a sunkuye, tana tara farcen a tafin hannunta. Ta saman ɗankwalinta tsohon yake kallon Auta, bai ƙifta ba, bai kuma sake cewa “aa” ba. Da ta gama biyar ɗin ta hure yatsun, ta ce wa Auta ya zagayo ya ɗago mata ɗaya hannun, tunda shi ba ya ɗaguwa da kansa.